Yadda za ka kwance "tsintsiya maɗaurinki ɗaya" gaɓa-gaɓa, ka kuma faɗe ta daidai

Satin da ya wuce samarin unguwarmu sunka kawo min takardar fostan ƙungiyarsu wai in duba kafin su kai wurin mai bugawa, yara ne masu ƙoƙari wallahi, su ke yashe magudanar ruwa kafin damina ta sauka, in wani ya kwanta ciwo su haɗa ɗan abin da ya samu a kai shi asibiti. A saman fostan da manyan baƙaƙe an rubuta TSINTSIYA MADAURIN MU DAYA. Na ce musu maganar da kunka zaɓa ta dace da ku ƙwarai amma akwai gyara, ba "mu" ba ne "ki" ne. Sai sakataren nasu ya ce, "Yaya, ai mu ne tsintsiyar, don mi za mu ce ki kamar muna magana da mace?" Tambayar nan ta yi min daɗi sosai, don tambaya ce ta mai son ya gane, kuma amsarta ita ce kusan rabin nahawun yankin jimla a Hausa. To bari in bi da ku ta hanyar da na bi da su.

Farko dai kada ka fara da nahawu. Tashi ka ɗauko tsintsiya ta gaske, ko ta laushi da ake sharar ɗaki ko ta kwakwa da ake sharar tsakar gida, ka duba gindinta. Za ka ga tsinkaye masu yawa, wani dogo wani gajere wani ma a karkace, sannan abu guda ya zagaye su, ko igiyar kaba ko tsumma ko 'yar roba da anka yanko daga tsohon tib na babur. Wannan abin shi ne maɗauri. Ina yaro na taɓa zare ma kakata tsinkaye daga tsintsiyarta ina wasa da su har maɗaurin ya yi sako-sako, da ta zo shara sai tsinkayen sunka dinga zubewa ɗai-ɗai, ba ta buge ni ba, ta dai miƙo min tsinke guda ta ce, "Amshi maigidana, share min ɗakin ga da shi." Na yi ta ja a ƙasa ko ƙwayar gero ban tara ba, daga baya ma ya karye. Ta tattara sauran ta sake ɗaurewa tamau, ta buga gindin a tafin hannunta sau biyu yadda mata ke yi don kan ya daidaita, ta ci gaba da shararta ba ta ƙara cewa komai ba.

Ma'anar kenan, mutane da yawa kowa da halinsa da tsawonsa, amma abu ɗaya ya tara su har sunka iya aikin da mutum guda ba ya iyawa. Kuma ka lura da inda nauyin maganar ya faɗi. Ba a ce tsinkayenki iri ɗaya ba ne, ba a ce kun yi kama ba, maɗaurin kawai anka ce ɗaya ne. Shi ya sa duk lokacin da za ka faɗi wagga magana a kan wasu mutane, fara tambayar kanka, mi ya ɗaure su? In ka iya faɗin abin da bakinka, to maganar ta zauna. Jama'ar da ta bi Shehu Usmanu hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 akwai Fulani akwai Hausawa akwai Buzaye, ba harshensu ɗaya ba ba sana'arsu ɗaya ba, abin da ya ɗaure su karantarwar Shehu ce da addini. Manoman da ke fita gayya a fadama, yau gonar wane gobe gonar wane, maɗaurinsu shi ne alkawarin cewa kowa za a zo tasa. Matan da ke adashi, amana. In kuwa ka duba ka duba ba ka ga maɗauri ba, taron mutane ne kawai irin na tasha ranar kasuwa, nemi wata maganar. Af, kuma kada wani ya ce min ai maganar 'yan siyasa ce don jam'iyyar APC ta ɗauki tsintsiya alama, jam'iyyar a 2013 anka kafa ta, kakannin kakanninmu kuwa sun san maganar.

Yanzu mu shiga cikin kalmomin. Kalma uku ce kacal, tsintsiya, maɗaurinki, ɗaya. Ta tsakiyar ita ce mai kaya a ka, don haka ita za mu fara saukewa.

Maɗaurinki gaɓa biyar ne in ka haɗa da saiwar: ma, da ɗaur, da i, da n, da ki, wato saiwa ɗaur da abubuwa huɗu da anka liƙa mata. Saiwar ita ce ke cikin ɗaure da ɗaura da ɗauri. "Ma" da ke gaba malaman nahawu na ce masa ɗafa-goshi, "i" na baya ɗafa-ƙeya, su biyun in sunka rungume aikatau, wato kalmar aiki, sai su haifar da sunan abin da ake aikin da shi. Buɗe ya ba ka mabuɗi, kulle makulli, duba madubi, auna ma'auni, girbe magirbi, ɗaure maɗauri. Wannan "ma" ɗin dai shi ke ba ka mai yin aikin kamar manomi da maƙeri da majemi, shi kuma ke ba ka wurin aikin kamar makaranta da mahauta da marina, in ka je Maƙera Assada nan cikin garin Sakkwato sunan unguwar kansa darasi ne, wurin ƙira. Ba zan daɗe a nan ba don abu ne da kunnenka ya riga ya sani.

Inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne kan "n" da "ki", don a nan sakataren nan ya yi tuntuɓe kuma a nan ɗalibai ke zubar da maki a NECO da WAEC. Ita 'yar "n" ɗin nan wasu malamai na ce mata nasaba wasu mahaɗi, ni kam igiya nake ce mata in ina koya wa ƙannena, don aikinta kenan, ta ɗaure suna da abin da ke biye da shi. Kuma kala biyu ce, "n" da "r". Hanya mafi sauƙi ta koyonta, ka hau kabu-kabu ka zagaya Sakkwato kana karanta sunayen wurare. Gidan Igwai, Gawon Nama, Runjin Sambo, Tudun Wada, Hubbaren Shehu, Sarkin Musulmi, duk "n". Ƙofar Marke, Ƙofar Rini, Ƙofar Taramniya, Unguwar Rogo, Rijiyar Ɗorowa, duk "r". Mi ya raba su? Jinsin kalmar farko. Gida da gawo da tudu da sarki maza ne sai sunka ɗauki "n", ƙofa da unguwa da rijiya mata ne sai sunka ɗauki "r". Kalma ta biyu ba ta da ta cewa ko kaɗan, Rogo namiji ne amma unguwar Rogo muke cewa, don unguwa ce ke riƙe da igiyar.

Akwai tarko guda uku a nan da ya kamata ka sani tun yanzu. Na farko ba duk mai ƙarewa da "a" ne mace ba, gida da ruwa da nama da suna duk maza ne, ruwan Rima muke cewa ba ruwar Rima ba. Na biyu, akwai sunaye mata da ba su ƙare da "a" ba, su "n" suke ɗauka duk da su mata ne, kana cewa gwamnati ta yi kaza amma kuma gwamnatin jiha, kana cewa Kano ta cika amma Kanon Dabo. Na uku mai sauƙi, jam'i kowane iri "n" ne, ƙofar gari amma ƙofofin gari, unguwar malamai amma unguwannin malamai.

To dawo kan maɗaurinki. Maɗauri namiji ne shi ya sa "n". Tsintsiya mace ce shi ya sa "ki". Ka ga kalma guda ta ɗauki jinsi biyu a lokaci ɗaya, igiyar tana kallon abin da anka mallaka, wakilin sunan yana kallon mai mallakar. Gwada da bakinka, gidanka gidanki, rigarka rigarki. In ka sauya mai abu sai ƙarshen ya sauya, in ka sauya abin sai igiyar ta sauya. Idan mai magana ne da kansa sai ka ji gidana da rigata, na da ta, nan ma jinsin abin ne ke aiki ba jinsin mai maganar ba, shi ya sa ƙato da gemunsa zai ce matata, mace kuma ta ce mijina.

Saura tambayar don mi "ki" ba "ta" ba, tunda ai kan tsintsiya ake magana. Amsar ita ce ba a kanta ake magana ba, da ita ake magana. Siga ce ta kirari, an tsayar da tsintsiya kamar mutum ana kiranta ana faɗa mata halinta, abin da malaman adabi ke kira mutuntarwa. In ka buɗe maganar gaba ɗaya za ta zama "ke tsintsiya, maɗaurinki ɗaya ne", sai anka yar da "ke" anka yar da dirka "ne" don ta yi kaifi. Babu aikatau ko ɗaya a ciki, ka duba da kyau, suna ne anka aje a gaba sannan anka yi bayani a kansa da wani yankin suna da adadi. Adadin kuma bayan suna yake zuwa kullum a Hausa, maɗauri ɗaya, buhu goma, awaki uku, ba ka cewa ɗaya maɗauri sai in kana nufin ɗayan, wannan kuma wata magana ce daban.

Saboda kirari ne, maganar ta daskare a haka, dunƙule guda ce kake ɗauka ka saka cikin jimlarka ba tare da ka taɓa cikinta ba. Mu zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. 'Yan kasuwar albasa sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Allah ya bar ku tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Mu, su, ku, duk sun sauya amma "ki" na nan inda take. In ma kana jin lallai sai ka ce "mu", to sauke tsintsiyar ka ce maɗaurinmu ɗaya, wannan Hausa ce lafiyayya kuma kowa zai gane inda ka ɗauko. Amma ka kira tsintsiya sannan ka juya ka ce maɗaurinmu, ka fara magana da ita ka ƙare da kanka, kunne ba ya amsa.

Wani abu da nake so ka koya a nan wanda zai yi maka amfani a kowace jimla, shi ne gano kan yankin. Duk tsawon yankin suna akwai kalma guda da ke jan ragamar, ita aikatau ke bi ita dirka ke bi. A irin ɗaurin nan na "n" da "r" ta farko ce. Rigar Sarki ta yi kyau, ba ya yi kyau ba, duk da Sarki namiji ne, don riga ce ta yi kyan. Mijin ƙanwata ya zo. Ƙofar gidan maƙwabcinmu ta karye, kalma uku anka jera amma ƙofa ce ta karye. Sai dai ka yi hattara da sifa, don ita ma tana zuwa gaba da igiyarta amma ba ita ce kai ba, sabuwar tsintsiya, tsohon aboki, jar akuya. In ka mai da ta baya igiyar sai ta faɗi, tsintsiya sabuwa, aboki tsoho, akuya ja. Wannan juyawar ita ce gwajin, in ya juyu ma'ana ba ta ɓaci ba to sifa ce, in bai juyu ba nasaba ce tsakanin suna da suna, ba ka iya juya ƙofar Marke ta koma Marke ƙofa.

Sannan ka san inda ba a faɗinta. Tsintsiya ta taro ce, ba a faɗa wa mutum biyu. In aminai biyu ne da ba sa rabuwa, kullum ka ga wannan ka ga wancan, ka ce hanta da jini ne. A nan ma akwai ɗan nahawu, "da" suna da suna take haɗawa, hanta da jini, Hassan da Husaini, kuma in ta haɗa su sun zama jam'i, sai ka ce sun zo ba ya zo ba. Ba ta haɗa aiki da aiki yadda wasu da boko ya yi wa yawa ke yi, Bahaushe cewa yake ya ci ya sha ya tashi, ba ya sa komai a tsakani. Kada kuma ka haɗa ta da "duk kanwar ja ce" ko "jirgi ɗaya ya kwaso su", waɗannan cewa suke halinsu ɗaya kuma galibi ba halin kirki ake nufi ba, na taɓa jin wani a wurin walima yana son yabon dangin ango ya ce duk kanwar ja ce, wurin ya yi tsit. Kishiyarta kuwa in kana nema, ba sa ga maciji, wato gabar ta kai ko ɗaya ya ga maciji zai sari ɗayan ba zai ce masa ga maciji ba.

Akwai kuma abokin cin mushe, wanda ba a ɓoye masa wuƙa. Ita ma maganar abota ce amma ka san abin da kake faɗa kafin ka faɗa. Mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce, haramun ce, mai cinta a ɓoye yake ci, to wanda kuke wannan tare mi za ka ɓoye masa kuma? Tsakanin aminai ana faɗinta cikin raha da nufin wanda ya san sirrinka ciki da bai, amma ba a rubuta ta a fosta ba a faɗa wa surukai. Na kawo ta ne don gininta yana da kyau ga mai koyo, igiya biyu ce a jere, aboki da "n", ci da "n", sai mushe. Kan yankin aboki ne, sauya shi ka ga yadda komai ke binsa, abokin cin mushe ne, abokiyar cin mushe ce, abokan cin mushe ne, shi kuwa "cin mushe" ko gezau. Rabin na biyu, ba a ɓoye masa wuƙa, shi ne yankin aikatau, "a" ɗin nan lamiri ne, wakilin sunan da ke zuwa kafin aikatau, na wanda ba a ambata ba wato kowa da kowa, sannan wanda anka yi wa aikin yana riga abin da anka yi aikin a kansa zuwa, masa kafin wuƙa, kamar yadda za ka ce na saya wa Inna goro, Inna kafin goro. 'Yar'uwarta mai tsabta wadda za ka iya faɗa ko'ina ita ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, gininsu ya yi kama.

Mu Sakkwatawa kuma muna da namu ƙarin aiki, don abin da bakinmu ke faɗa ba shi ake so a takardar jarabawa ba. Mu "r" ɗin nan ta mace ba ta cika fita a bakinmu ba, rikiɗa take ta koma baƙin da ke gabanta, rigas Sarki, hulam Malam. Gidansa mu ce gidanai, rigarsa rigatai, ne da ce mu ce na da ta, shi na, ita ta, wannan kuma mun raba shi biyu wanga da wagga. Ni ban yarda ko kaɗan da masu cewa wannan gurɓatacciyar Hausa ce ba, dubi wanga da wagga kawai, jinsin da daidaitacciyar Hausa ta haɗe cikin "wannan" mu muna nan riƙe da shi, yaron Sakkwato da ya san wanga gida da wagga riga ya riga ya san wace kalma ke ɗaukar "n" wace ke ɗaukar "r" tun kafin ya shiga aji. Abin da ake so kawai ka san wurin kowanne, daidaitacciya an gina ta ne bisa karin Kano kuma ita ake rubutu na hukuma da ita, a jarabawa rubuta rigar Sarki, in ka koma gida ka faɗi rigas Sarki abinka. Yi amfani da kunnenka na gida a matsayin ma'auni, in kana shakkar jinsin kalma sa mata wanga ko wagga ka ji wanne ya zauna.

Sai rubutu, wanda shi ne sauran kuskure biyun da ke fostan. Gajeriyar mallaka haɗe take da sunanta, maɗaurinki, gidanmu, ƙungiyarsu, ba a raba su. Doguwar ita ke tsayawa ita kaɗai, maɗauri naki, ƙungiya tasu. Ne da ce a ware. Lamiri a ware da aikatau, sun zama, mu zama, za mu zama, ba a ɓoye. Waɗannan ƙa'idoji ba wani ya tashi da safe ya yanka ba, an yi zama a kansu, har da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 inda anka nemi daidaita rubutun Najeriya da na Nijar, ko da yake har yau in ka tsallaka Illela ka shiga Ƙonni za ka ga suna rubuta ƴ inda muke rubuta 'y.

Ƙugiyar kan ɗ kuwa a wagga magana ba ado ba ce. Ɗaure daban daure daban, na farko da igiya ake yi na biyu da zuciya, ɗaura zane daban garin Daura daban. In ka rubuta madauri ba ƙugiya ka bar mai karatu ya yi ta canka. A waya abu ne mai sauƙi, shiga saitin Gboard, allon rubutun waya, ka ƙara Hausa cikin harsuna, daga nan in ka danne d ka riƙe sai ɗ ta fito, haka k da b. Da munka je wurin mai buga fostan ya ce shi kwamfutarsa ba ta da waɗannan baƙaƙen, sai sakataren ya rubuta TSINTSIYA MAƊAURINKI ƊAYA a wayarsa ya tura masa ta WhatsApp, ya kwafa ya liƙa, salon rubutun farko da ya zaɓa ya nuna akwati a wurin Ɗ ɗin, sai da ya sauya salo biyu kafin na uku ya karɓa. In za ka kai naka aikin ka tsaya a kansa har ka ga ƙugiyar a fuskar kwamfutar da idonka kafin ya danna bugawa.